Shafin da Ban Yage Ba

A gidan mai nake aiki, kuma abokan aikina Ashana suke kirana, wai don saurin kama wuta irin nawa. Manajanmu yakan ce shi dai ya san wata rana ni zan tashi wurin nan. Ko a jikina. Shekara shida ina riƙe da bakin famfo, ban taɓa cin lita ɗaya ta wani ba, ban kuma taɓa bari wani ya ci tawa ba. Na faɗi wannan ne don ku san irin matar da aka miƙa wa takardar dokoki ranar da na kai 'yata gidan raino.

Kumatu muke ce wa 'yar, in kun gan ta ba za ku tambayi dalili ba. Watanta goma sha ɗaya lokacin. Ubanta ɗan kwana-kwana ne, ni ga nawa aikin, dole a samo mata inda za ta riƙa wuni.

Gidan rainon ɗaki uku ne da tsakar gida, an shimfiɗa tabarmin roba, ko'ina ƙamshin sabulu da madara. Mai wurin, Anti Babba, ta zaunar da ni a ofis, ta turo min takarda da biro. Ni kuwa ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Ina zuwa doka ta huɗu na tsaya.

"Anti, me nake gani nan? Har ranar da gwamnati ta ba da hutu sai na biya, ƙofarku a rufe?"

"Haka yake."

"In biya ranar da 'yata take gida?"

Ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dube ni ta samansa. "Maman Kumatu, ke ma ma'aikaciya ce. Masu rainon nan mutane ne. Da wannan kuɗin nake biyansu ranar hutu, su ma su huta kamar kowa."

Wallahi maganar ta shige ni. Ni da na san zafin tsayuwa tun safe har yamma, ba zan hana wata hutunta ba. Na sa hannu, har ina jin kaina wata mai kirki.

Masu raino huɗu ne a gidan. Wadda aka ba wa Kumatu dattijuwa ce, yara da manya duk Iya suke ce mata. Siririya, ba ta da yawan magana, kuma ita ta koya wa sauran ukun aikin. Kwana uku kacal Kumatu ta daina kuka in na ajiye ta. Cikin mako biyu ta koma kuka in na zo ɗaukarta, abin har haushi yake ba ni.

Kowane yaro yana da ɗan littafi da ke zama a jakarsa. Tun farkon wata ake buga wa kowane shafi kwanan wata, har da ranakun hutu, tunda su ma an biya su. A ciki mai raino take rubuta abin da yaro ya ci, lokacin da ya yi barci, sau nawa aka sauya masa ƙunzugu. Kowace da kalar bironta, don a san wa ta rubuta. Na Iya kore ne, ta ɗaure shi da zare a wuya. Kullum da safe kuma Anti Babba takan buɗe littattafan ta sa hannu a shafin jiya.

Sai ga hutun farko ya zo, ranar Talata. Ranar hutu a gidan mai ita ce ranar wahala, kowa ya fito da mota zai kai iyali ziyara, layi har titi. Maigidan yana bakin aiki, ƙanwarsa da ke taimaka mana ta yi tafiya. Na yi ta kiran mutane a waya, kowa da uzurinsa. Sai wata abokiyar aikina ta ce maƙwabciyarta tana riƙe yara a gida ranakun hutu, mace ce mai amana, za ta turo min ita ƙarfe shida.

Shida daidai aka ƙwanƙwasa. Na buɗe ƙofa da ɗan kunne ɗaya a hannu, sai ga Iya.

Ta yi turus, na yi turus. Kumatu ce kawai ba ta ga abin mamaki ba, ta rarrafo ta kama mata zani.

"Iya! Ke ce maƙwabciyar?"

"Ba a gaya min gidanki ba ne, Maman Kumatu. Cewa aka yi wata mai aiki a gidan mai."

"To ke da aka biya ki ki huta, me ya fito da ke?"

Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, tana gyara mata riga da ba ta buƙatar gyara. "Wa ya biya ni?"

"Kamar yaya wa ya biya ki? Ni mana! Mu!"

"Mu ranar da ba mu sa hannu a rajista ba, babu mu a lissafi. Ƙofa a rufe, ina za mu ga rajista?"

Kaina ya yi zafi har cikin kunne. Na ce shekara nawa ana haka? Ta ce tara. Na fara laluben wayata, nan take zan kira Anti Babba ta ji abin da ke bakina. Iya ta riƙe min hannu.

"Don Allah, 'yata. Doka ta bakwai. Duk wadda aka kama ta riƙe yaron gidan rainon a waje, kora ce. Ki rufa min asiri."

Na tuna dokar, na karanta ta ai. Na rantse mata ba wanda zai ji daga bakina. Kuma na cika alkawari, ku shaida. Ni Ashana, na wuni ina zuba wa mutane mai da magana cike da ciki, ko abokiyar aikin nan ban gaya wa ba. Da yamma na dawo a gajiye, Iya ta miƙo min yarinya fes, na ba ta haƙƙinta, ta fita da sauri don kada mota ta wuce ta. Washegari na saɓa Kumatu da jakarta na kai, ko buɗe jakar ban yi ba.

Da na je ɗaukarta da yamma, tun daga ƙofa na ji muryarta, ta dushe don kuka. Wata mai raino ce riƙe da ita tana jijjigawa. Na duba ɗakin, babu Iya.

"Anti Babba tana son ganinki," in ji ta, idonta a ƙasa.

Littafin Kumatu yana buɗe a kan teburin ofis. Shafin Talata, ranar hutu, cike yake da koren biro. Bakwai da rabi, madara. Goma, barci. Goma sha biyu, shinkafa da ƙwai, ta ci da kyau. Har da inda ta rubuta cewa sabon haƙori ya leƙo.

"Kalar biron wa ke nan?" in ji Anti Babba.

Na rufe bakina ruf, littafi ya yi maganar.

"Na sallame ta. Ranar Juma'a za ta zo ta karɓi abin da ya rage mata."

Abin da na faɗa a ofis ɗin nan ba duka zan maimaita ba. Na dai san na buga tebur har tabarau ya yi tsalle. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, iyaye goma sha biyu ne suke jiran gurbi, in wurin bai yi min ba ƙofa a buɗe take. Na suri 'yata na fita.

A gida maigidan ya saurare ni har ƙarshe yana cire takalmi. "To, uwar 'yan gaskiya, wuta dai kin kunna. Ni aikina kashewa ne. Sai ki gaya min ta ina za a fara."

"Kai dai riƙe min yarinyar nan."

Abokiyar aikina ta kwatanta min gidan Iya. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon gida, na same ta tana wanke kwanuka a bakin ƙofa. Ta shimfiɗa min tabarma kamar ba abin da ya faru. Koren biron yana nan a wuyanta.

"Iya, me ya kai ki rubutawa?"

"Hannun ne ya saba. In yaro ya ci abinci ban rubuta ba, sai in ji kamar bai ci ba." Ta ɗauraye kwano ta kife. "Laifina ne, sauri ya sa ban gaya miki ba. Na ɗauka kin sani."

"Na san me?"

Na tambaya har sau uku, ta ce ita ba za ta ja wa kowa masifa ba. Abin da ta ƙara kawai shi ne, a shekarunta ba wanda zai ɗauke ta sabon aiki, kuma Kumatu ba ta yin barci sai an shafa mata bayan kunne, in gaya wa wadda aka ba rainonta. Na fito ina jin kunya kamar in nutse. Wannan matar ta fito rufa min asiri ne, ni na tona nata da jakar 'yata.

Amma maganar nan ta "na ɗauka kin sani" ta tsaya min a rai. Da safe na nemi manaja ya ba ni awa biyu, na je na tsaya a bakin ƙofar gidan rainon. Na san iyayen da ba su da hutu irina: wata nas mai tagwaye, wata 'yar sanda, wani mai gidan burodi da ke kawo ɗansa a kan babur. Nas ɗin na fara tarewa, na gaya mata an kori Iya da dalilin.

Ta dafe ƙirji. "Wayyo! Ba ki yage ba?"

"In yage me?"

"Shafin mana! Ai kowa ya sani. Masu rainon ba sa iya riƙe yaro ba su rubuta ba, haka Iya ta koya musu. Ke kuma da dare ya yi sai ki yage shafin, shi ke nan."

Ta buɗe min littattafan tagwayenta. Ga gurbin nan, ɗan ɓarɓashin takarda a jikin zare, daidai ranar Talata. Na mai burodi haka, na 'yar sanda haka. Ashe duk gidan an san hanya, ni kaɗai ce baƙuwa.

"Au, duk kun sani kuka yi shiru?"

"Mun ɗauka ƙari suke nema a kan albashinsu," in ji 'yar sandan.

"Ƙari? Ba a biyansu ranar, ko sisi! Kuɗin da muke bayarwa da sunansu ba ya isa hannunsu."

Mai burodi ya kashe babur ɗinsa ya sauko. Nas ta ce in muka shiga da littattafan nan, ai sauran ukun ma mun tona su, duk za a kore su. Na ce a kore su a bar wa wa yara talatin? Anti Babba da tabarau za ta goya su? Ɗaya ana iya korarta, huɗu ba a iyawa. Ban da wata shakka a kan wannan, kuma sun ga haka a fuskata.

Littafi bakwai muka tara kafin ƙarfe takwas. Wannan karon ban buga tebur ba, maigidan ya roƙe ni tun a gida. Na jera su a gaban Anti Babba, kowane a buɗe a inda aka yage, na ɗora takardar dokoki a kai.

"Anti, ba mun zo a rage mana kuɗi ba ne. Za mu ci gaba da biya yadda muke biya. Amma ni a wurin aikina, in mutum ya biya lita goma, goma nake zuba masa, kuma a tankinsa, ba a na wani ba. Kin ce kuɗin hutu na masu raino ne. Ina ya shiga?"

Anti Babba ta ja littattafan gabanta. "Kuna tsammani ban san da waɗannan ba? Kullum ni ke sa hannu. Shafin da aka yage zan iya cewa ban gani ba. Naki fa, da aka kawo min shi a rubuce? In wani abu ya sami yaro a gida a hannun ma'aikaciyata, sunan wa za a kira?"

"Wannan gaskiya ne," in ji nas.

"Kuɗin kuma haya yake tafiya. Sau biyu mai gidan nan yana ƙara min. Ga wuta, ga ruwa. Ga iyayen da ba sa biya a kan lokaci." Ta dube ni ta saman tabarau. "Wata ma a nan, watan jiya sai ranar tara ga wata ta kawo nata."

Mai burodi ya yi tari. Na kau da kai, don ni ce.

"Na ji, na makara, kuma ba zan sake ba. Amma in haya ce, ki rubuta haya a takarda, ki gaya mana nawa ne, mu zauna mu duba. Kada ki karɓa da sunan Iya, ki bar Iya tana bin gidaje ranar hutu, sannan ki kore ta don ta bi. Wannan ne ba zan yarda ba, ko da iyaye ɗari ne ke jiran gurbin 'yata."

'Yar sandan ta ce ita ma. Nas ta ce tagwayenta biyu ne, a lissafa da kyau. Daga ɗakin yara muryar Kumatu ta taso, kukan da take yi tun jiya, ana ji har ofis. Anti Babba ta cire tabarau ta murza ido. A karon farko na ga ita ma a gajiye take.

An fi awa ana magana. A ƙarshe muka yarda da ɗan ƙari a wata, aka rubuta shi ɓaro-ɓaro da sunan haya. Ita kuma ta rubuta da hannunta cewa masu raino huɗu za su karɓi kuɗin kowace ranar hutu, Iya kuma ta dawo ranar Litinin.

"Amma doka ta bakwai tana nan," in ji ta muna miƙewa. "Yanzu ba mai uzuri."

Na ce to, to. Hankalina yana kan nasara, ban tsaya na auna maganar ba. Na koma gidan mai ina tafiya kamar ni na gina shi. Ranar Litinin Kumatu ta ga Iya ta saki wata ƙara, ta miƙa hannu, ko waiwayena ba ta yi ba. Wannan karon ban ji haushi ba.

Bayan mako shida aka sake ba da hutu, ranar Alhamis. Ni hankalina kwance, na sa sunana a jerin masu aiki, don ranar hutu ninki biyu ake biyanmu. Ai yanzu na san hanya, shafi ne, zan yage. Laraba da yamma na je ɗaukar Kumatu, na ja Iya gefe na rage murya.

"Iya, gobe ƙarfe shida ko? Kada ki damu, da kaina zan yage."

Ta dube ni, sai ta yi dariya. Ban taɓa ganin haƙoranta duka ba sai ranar.

"Gobe ina hutu, Maman Kumatu. An biya ni."

"Haba Iya! Ni ce fa."

"Na san ke ce. Ai ke kika samo min." Ta ɗaura wa Kumatu hula. "Jikata watanta huɗu, ban taɓa wuni da ita ba. 'Ya'yan mutane talatin na san lokacin barcinsu, tawa ban sani ba. Gobe can zan je tun safe."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Har na buɗe baki zan ce bayan duk abin da na yi, sai na ji yadda maganar za ta fito, na mayar da ita. Me na yi faɗa a kai in ba wannan ba? Na tambayi sauran ukun, kowace ta ce min tana hutu, suna murmushi.

Maigidan ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ashana ta ƙone rumfarta da kanta!" Shi yana da aiki gobe, ƙanwarsa ba ta dawo ba. Na kira manaja na ce a cire sunana. Ya ce in san ninki biyun ya tafi, kuma na ranar ma babu, tunda ni na sa kaina na kuma janye. Na ce na sani.

Haka na wayi gari ranar Alhamis daga ni sai Kumatu, gida shiru, ina jin motoci suna wucewa zuwa layin da ba ni a ciki. Na ba ta madara. Sai na tsinci kaina na buɗe jakarta na ciro littafin. Ga shafin ranar, an buga masa kwanan wata, fari fat. Na samo baƙin biro a aljihun rigar aikina na rubuta: bakwai da rabi, madara.

Goma saura kaɗan wayata ta yi ƙara. Iya ce. Ina jin kukan jaririya a kusa da ita, da mata suna hira suna dariya.

"Kin kwantar da ita?"

"Iya, hutu kike fa."

"Na sani. Ki kwantar da ita dai, goma ta kusa. Bayan kunne, a hankali."

Ta kashe. Na ɗauki Kumatu na ɗora a cinya, na sa yatsa a bayan kunnenta ina shafawa. Ko minti biyar ba a yi ba ta yi luf. Na jawo littafin da hannu ɗaya na rubuta: goma, barci. Wannan shafin ma ban yage shi ba.